Gure: ranar da mabuɗin mota ya ƙi juyawa

Masu iya magana sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A cikin dukan ƙarafan da aka harhaɗa aka yi mota, da wuya a sami wanda direba ya raina kamar ɗan ramin nan da yake zura mabuɗi a cikinsa kowace safiya. Ana duba mai, ana duba ruwa, ana bubbuga tayu da ƙafa, amma gidan mabuɗi ba a tuna da shi sai ranar da ya cije. A ƙasar Gure kuwa, inda rairayi da nisan hanya suka haɗu, wannan ranar tana iya zo wa matafiya da abin da ya fi ɓacin rai.

Duk wanda ya saba da tashar motar Gure, ko da kasuwannin Gidigir da Subdu, ya taɓa ganin irin wannan. La'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa, an ɗaure buhunan gero da na kanwa, an ɗora awaki, fasinja sun hau sun matsu. Direba ya yi bisimilla, ya zura mabuɗi, ya murɗa, mabuɗi ya ƙi motsi. Ya sake murɗawa, shiru. Nan da nan sai jama'a su kewaye mota, kowa da tasa shawara: wannan ya ce a ɗiga mai, wancan ya ce a kawo filaya, wani ya ce a fasa kawai a haɗa waya. Abin da direban ya zaɓa a cikin ƴan mintocin nan shi ne zai nuna ko za a kwana gida, ko kuwa za a kwana a gindin mota.

Ƙasar rairayi da nisa

Gure, tsohon birnin sarakunan Muniyo, yana gabas da Damagaram da tazarar da ta zarce kilomita 160, bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya wadda ta taso daga Yamai ta nufi Difa da Gigimi. Kashin wannan hanya da ya tashi daga Gure ya yi gabas, wanda ake kira hanyar haɗin kai, an shimfiɗa shi ne a shekarun 1970 da taimakon ƙasar Kanada. Amma da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi Kelle da duwatsun Kutus, ko Tasker da dutsen Tarmit, ko ƙauyukan kwari inda ake samun dabino da kanwa, to ta shiga hannun rairayi. A can ana iya yini ba a ga wata mota ta gitta ba, kuma makaniki mafi kusa yana iya kasancewa tafiyar kwana guda a kan raƙumi.

Ƙurar ma ba baƙuwa ba ce. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana ɗauko hazo daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda masana suka sanya a sahun gaba cikin wuraren da ƙura ke tashi a duniya, ta bi da shi ta kan gabashin Nijar. Tulin rairayin da ke cinye gonaki da kwaruruka a gundumar Gure shi ne kuma ke shiga kowace kafa ta mota. Motocin da ke aikin ƙauye, musamman a-kori-kura, suna tafiya ne tagogi a buɗe, saboda haka ramin mabuɗi yana shan ƙura safe da yamma.

Jahar Damagaram ta san abin da mutuwar mota a sahara ke haifarwa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutane 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan da motocin da suka ɗauko su suka lalace, ƙishirwa ta gama da su. Da yawa daga cikinsu ƴan ƙasar Kance ne. Abin da ya kashe waɗancan motoci dabam ne, amma darasin ɗaya ne: a cikin rairayi, motar da ta ƙi tashi da motar da ta kife ba su da nisa da juna.

Mene ne «neman»?

Makanikan ƙasashen da ke aiki da Faransanci suna kiran wannan ƙarfe «neman». Bahaushe in ya ji sai ya zaci daga nema aka samo kalmar, tun da kuwa in ya lalace nemansa ake yi ruwa a jallo. Alhali sunan mutum ne: Abram Neiman, wanda aka haifa a 1893 a yankin da yake cikin ƙasar Moldoba a yau, ya rasu a 1967. Shi ne ya ƙago, a farkon shekarun 1930, makullin da ke ɗaure sitiyari don hana sata. Masana'antarsa ta bunƙasa a Faransa har sunansa ya zama sunan abin, kafin kamfanin Valeo ya saye ta a 1987.

Abu uku ne aka haɗa wuri guda. Na farko shi ne gidan mabuɗi, wani ɗan bututu mai zuciya a ciki. A jikin zuciyar akwai ƴan turaku ko ƴan faifai na tagulla, kowane da ɗan sifirin da ke danne shi. Haƙoran mabuɗi su ne ke ɗaga kowane turke daidai gwargwadonsa. In duka suka daidaita sai zuciya ta juya, in ɗaya tak ya saɓa sai ta tsaya cik. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai: da ita ake yin makullan itace na ƙyauren rumbu a ƙasar Dogon ta Mali, kuma wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ya mai da ita ta ƙarfe, da ɗan siririn mabuɗi, a shekarun 1860.

Na biyu shi ne sakata, wani harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin wani gurbi a jikin sandar sitiyari idan an zare mabuɗi. Na uku kuwa shi ne abin wuta da ke can baya, wanda direbobi ke kira kontak, mai raba wutar batir zuwa inda ake bukata. Shi ya sa mabuɗi yake da matakai huɗu: kulle, wutar rediyo da makamantanta, wutar inji, sa'an nan tayarwa. A motocin Faransa da yawa an rubuta su da haruffan S, A, M da D. Wanda ya san waɗannan sassa uku ya yi rabin gyara, domin kowane da irin ciwonsa da irin maganinsa.

Abin da ke cin sa

Ciwon da ya fi yawa ba ma ciwo ba ne. Idan direba ya tsayar da mota tayun gaba a karkace, ko sun tokare da dutse, ko sun nutse a cikin sawun rairayi, nauyin mota yakan dawo kan sandar sitiyari, ita kuma ta danne sakata. Mabuɗi ba shi da ƙarfin janye sakatar da aka danne, sai ya ƙi juyawa, alhali babu abin da ya lalace.

Na biyu shi ne tsufa. Yawancin motocin da ke yawo a wannan yanki sun gama wata rayuwa a Turai ko a Nijeriya kafin su iso. Wasu sun shigo ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome, wasu kuma, irin su Peugeot 504 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna, sun ƙetaro ta kan iyakar kudu. Mabuɗin da ya shekara ashirin yana shiga yana fita, haƙoransa sun side, turakun ciki su ma sun ci. Sai a kai shi kasuwa a yanko wani a jikinsa, daga baya a yanko na uku a jikin na biyu. Kowane yanka yana kwafe kuskuren na gabansa ya ƙara nasa, har a wayi gari mabuɗi ya daina ɗaga turaku daidai.

Na uku shi ne ƙura, musamman idan ta gamu da mai. Direbobi da yawa, da sun ji mabuɗi ya fara tauri, sai su ɗiga baƙin mai, ko man birki, ko ma man gyaɗa. Ranar farko abin yakan yi laushi, mai mota ya yi murna. Bayan ƴan makonni sai man ya kama ƙura, su cakuɗe su zama wani kunu mai kauri, ƴan sifirin su kasa dawo da turaku. Rairayin da ke cikin kunun kuma ya ci gaba da goge tagulla kamar zarto.

Na huɗu shi ne nauyi. Ba abin mamaki ba ne a ga mabuɗin mota a zobe ɗaya da na gida, da na shago, da na kwaɗon akwati, da laya, da ɗan wuƙa. A kan hanya mai gargada wannan tari yana lilo, yana jan zuciyar makulli ƙasa dare da rana. Wanda ke ganin abin wasa ne sai ya tuna da abin da ya faru a Amurka: a 2014 kamfanin General Motors ya janye ƙananan motoci kimanin miliyan 2.6 saboda kontak ɗinsu yana iya kashe kansa ana cikin tafiya, musamman idan zoben mabuɗi ya yi nauyi ko mota ta faɗa rami. Asusun diyyar da kamfanin ya kafa ya amince da mutuwar mutane 124 a sanadin haka. Kafin a gyara motocin, shawarar da aka bai wa masu su ita ce su cire kome daga jikin mabuɗi.

In ya cije

Abu na farko shi ne a sassauta hannu. Mabuɗin mota ba ƙarfe ne mai tauri ba. Wanda ya kama shi da filaya, ko ya zura ƙusa a raminsa ya murɗa, karya shi zai yi a ciki, ƙaramar matsala ta koma babba. Direba ya kama sitiyari da hannun hagu ya gwada shi dama da hagu. Zai ji gefe ɗaya ya ƙame, ɗaya kuma yana ɗan motsi. Sai ya ja shi wajen gefen da ke motsi, ya riƙe, yana murɗa mabuɗi a hankali da ɗaya hannun. Sau da yawa nan take sakata za ta saki. Idan tayu sun nutse ƙwarai, yaran mota su tone rairayin gabansu ko su ɗan jijjiga motar. Mota mai giya mai sauya kanta kuwa, a tabbata sandar giya tana kan harafin P, domin wasu ba sa sakin mabuɗi sai a nan.

In haka bai yi ba, sai a duba mabuɗin kansa. A tabbata shi ne na motar, domin mabuɗan kamfani ɗaya suna shiga ramin juna ba tare da sun juya ba. A goge shi, a ɗora shi bisa wani abu mai shafe a ga ko ya lanƙwashe. In akwai na ajiya, a gwada shi: idan ya juya, to laifin na tsohon mabuɗi ne. In babu, wani lokaci jawo tsohon baya kaɗan, kamar kaurin farce, yakan sa haƙoransa su sake haɗuwa da turaku.

Idan ƙura ce, a hure ramin da famfon taya. Sa'an nan a sami fensir na ƴan makaranta, a goga bakinsa a haƙoran mabuɗi har su yi baƙi, a zura a zare sau da dama. Baƙin garin fensir yana sa santsi, ga shi busasshe ne, ba ya kama ƙura. Ana iya ɗan ƙwanƙwasa kan mabuɗi da ƙotar sukurdireba, ƙwanƙwasar ƙofa ba dukan guduma ba, don turken da ya maƙale ya faɗo.

Ya kamata kuma a rarrabe tsakanin ciwon mabuɗi da ciwon wuta. Idan mabuɗi ya juya, fitilun gaban direba suka kama suka dushe, ko aka ji ƙas-ƙas kawai, galibi batir ne ko kawunansa sun yi tsatsa. Idan ya juya babu fitilar da ta kama alhali ƙaho yana kuka, to a zargi kontak na baya, wanda a motoci da yawa ana iya sauya shi shi kaɗai ba tare da an taɓa gidan mabuɗi ba. Idan kuwa inji ya tashi amma mabuɗi bai komo da kansa daga matakin tayarwa ba, a maido shi da hannu nan da nan, in ba haka ba na'urar tayarwa za ta yi ta gudu tare da inji har ta ƙone.

Mabuɗin da ya karye a ciki, kada a tura ragowar da wani abu, kada kuma a shafa gam a guntun waje da nufin ya manne da na ciki, domin gam zai kama turakun gaba ɗaya. Makaniki yakan zaƙulo guntun da siririn bakin zarton ƙarfe ko da hantsaki. A adana guntayen biyu: da su mai yankan mabuɗi zai fitar da sabo.

Garin gyaran gira

Idan duk wannan ya faskara, sai a zo ga shawarar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a, wato a haɗa waya. A dokar daji, da marar lafiya ko mai naƙuda a mota, babu mai ganin laifin wanda ya yi haka don ya kai gari. Sai dai akwai abin da ake mantawa: haɗa waya yana tada inji ne kawai, ba ya janye sakata. Motar da ta tashi da sakata a ciki, ko da sakatar da aka fasa rabi da rabi, sitiyarinta na iya ƙamewa a kwanar farko. Haka ma motar da aka ɗaura wa igiya ana ja. Dole ne makaniki ya cire makullin ɗungum daga jikin sandar sitiyari kafin taya ta motsa. Aikin yana cin lokaci, domin kusoshin da suka riƙe shi an yi su ne da gangan yadda kawunansu za su guntule wajen ɗaurewa. Sai da kurfi da guduma, ko da na'urar huda ƙarfe, ake kwance su.

Babbar illa ita ce gyaran kwana ɗaya ya zama na shekara. Masu motoci sun saba da dabarar maye gurbin neman da ɗan maɓallin fitila da wayoyi biyu a rataye. Wayar da ba a naɗe ta da kyau ba, wadda kuma ba ta bi ta fis ba, tana iya haɗuwa da ƙarfen mota ta yi tartsatsi, a cikin motar da sau da yawa jarkokin mai ke bayan kujerar direba. Motar ta zama ta kowa, yaro ma yana iya tada ta. Ga kuma shingen jandarmomi da na duwan: a yankin da ke maƙwabtaka da iyaka, fasasshen makulli alama ce ta motar sata, kuma mai ita zai sha tambaya ko da takardunsa sun cika. Wanda ya sauya neman ya riƙe takardar sayensa tare da takardun mota.

Akwai wata ɗabi'a kuma da ta kamata a bari, ita ce kashe inji a gangara don tsimin mai. Idan inji ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari mai taimakon mai shi ma ya yi nauyi. In hannu ya zarce har mabuɗi ya koma matakin kulle, ko tsohon mabuɗi ya zame ya fito, sakata na iya faɗawa mota tana gudu. Man da aka tsimta bai kai kofi ɗaya ba.

Motocin zamani

Daga tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera motoci suka fara saka wani ɗan ƙwayar lantarki a cikin baƙin kan mabuɗi, kuma daga 1998 ƙasashen Tarayyar Turai suka wajabta na'urar hana sata a sababbin motoci. Wani zobe da ke kewaye da bakin ramin mabuɗi shi ke karanta lambar ƙwayar, in bai gane ta ba kwamfutar mota ta hana inji aiki. Irin waɗannan motoci su ne suka tsufa a can suka iso nan. A jikinsu, mabuɗin da aka yanko a kasuwa zai buɗe ƙofa, zai juya, amma inji ba zai tashi ba, ko ya tashi ya mutu nan take. Haɗa waya ma ba ya yi musu kome. Wanda ya sayi sabon neman dole ya mai da tsohuwar ƙwayar cikin sabon mabuɗi, ko ya kai motar inda ake da na'urar da ke gabatar da sabon mabuɗi ga kwamfuta, abin da ke nufin tafiya babban gari. Saboda haka mai sayen irin wannan mota ya nemi mabuɗi biyu tun wajen ciniki, ya kuma gwada su duka a gaban mai sayarwa.

Kafin a kama hanya

Neman ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana ba da sanarwa: yau sai an jijjiga mabuɗi, gobe sai an ɗan jawo shi baya, jibi ana iya zare shi inji yana aiki, ko fitilun gaban direba su riƙa ƙiftawa in an faɗa rami. Direban da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu ya kai motar garaji tun tana cikin gari, inda za a kwance makullin a wanke shi, ko a aika Damagaram ko Kano a sayo wani. Kuɗin da zai kashe bai kama ƙafar kuɗin jawo mota daga bayan Kelle ba.

Sauran kuwa ba su da tsada. A yanki mabuɗin ajiya tun na asali yana da haƙoransa, a ajiye na asalin, a yi aiki da yankakken. Mai doguwar tafiya ya ba yaron mota ko wani amintacce na biyun, kada duka su zauna a aljihu ɗaya. A raba mabuɗin mota da tarin na gida. A miƙe tayu kafin a kashe inji. A jefa fensir ɗaya a cikin akwatin kayan aiki, kusa da filaya da sifana. Hukumomin da ke da motocin ɗaukar marasa lafiya, da ƙungiyoyin direbobi na tasha, su sanya duba neman a cikin abubuwan da ake dubawa tare da birki da tayu. Kome lafiyar mota kuma, kada a sauka daga kwalta ba tare da ruwan da zai ishi kowa kwana biyu ba, kuma a bar sallahu a tasha game da inda aka nufa da lokacin da ake sa ran isa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.